Tsohon Baƙi ko Sabon Rini? Muhawara a Kan Gyaran Jikin Fistol

A watan Disamba na 2017, a wani gwanjo da kamfanin Rock Island Auction ya yi a jihar Illinois ta Amurka, an sayar da wata ƙaramar bindiga ƙirar M1911A1 a kan dala 414,000. Ba da zinariya aka yi ta ba, ba ta kuma fi sauran 'yan uwanta iya harbi ba. Kamfanin Singer ne ya ƙera ta, shi dai Singer ɗin da teloli suka sani da keken ɗinki, lokacin da gwamnatin Amurka ta ba shi kwangilar gwaji ta guda 500 kacal, gab da shigar ƙasar Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙarancinsu ne tushen tsadar. Amma abin da ya ɗaga wannan sama da sauran shi ne har yanzu tana sanye da baƙin da ta fito da shi daga masana'anta. Da a ce wani mai son ƙyalli ya taɓa kai ta wurin maƙeri an goge ta an sake rina ta, da babban kaso na kuɗin nan ya bi iska, ko da kuwa aikin ya yi kyau a ido.

Daga nan gardamar ta taso, kuma ta daɗe tsakanin masu bindiga a Amurka, inda doka ta yarda farar hula ya mallaki fistol. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin jerin bindigogin da aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, saboda haka mu nan a ƙugun ɗan sanda ko soja muke ganinta. A can kuwa uba yana mutuwa ya bar wa ɗansa ita a gado, kamar yadda ake barin agogo. Ɗan ya ɗauko ta, ya ga baƙinta ya koɗe, gefenta ya yi fari, wani wurin ma tsatsa ta fara tsirowa. Shin ya kai ta a sabunta, ko ya shafa mata mai ya bar ta da tsufanta?

Ɓangaren da ya fi jawo maganar shi ne silaid, wato dogon ƙarfen nan na sama da ya lulluɓe bututun bindigar, wanda ke ja da baya a kowane harbi ya tofar da kwanso, ya dawo gaba ya ɗauko sabon harsashi. Shi hannu ya fi kamawa, shi ya fi gogar kube, shi ido ya fi gani. A jikinsa ne kuma kamfani ke buga sunansa da tambarinsa da kwanan watan rajistar ƙirar. In ya lalace, fuskar bindigar ce ta lalace.

Ba za a fahimci ɓangarorin biyu ba sai an san mene ne baƙin nan. Mutane da yawa sun ɗauka fenti ne. A tsofaffin bindigogi ba fenti ba ne, tsatsa ce aka sarrafa. Jar tsatsa tana kumbura, ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe ga iska, ta ci gaba da ci. Akwai kuma baƙar tsatsa, wadda masana ke kira magnetayit, mai manne wa ƙarfe ta tsaya cik. Aikin mai rinin ƙarfe shi ne ya sa baƙar ta riga jar kama wuri. Tsohuwar hanya ita ce a shafa wa ƙarfen ruwan asid, a bar shi ya yi ja, a tafasa shi a ruwa har jan ya koma baƙi, a kankare ƙurar da lallausan burushin waya, a sake, a sake, har launin ya kama. Haka Jamusawa suka riƙa yi wa bindigar Luger har zuwa wajen 1937. Hanyar da ta fi yawa yanzu ita ce tsoma ƙarfen cikin tafasasshen ruwan kostik soda da gishirin naitiret, a zafin da ya kai wajen digiri 140. Ko ta wace hanya aka bi, kaurin baƙin bai wuce maikiron ɗaya zuwa biyu da ɗoriya ba, alhali silin gashin mutum yana kai maikiron 70. Kamar baba ne a jikin zare, ya shiga ya zama ɗaya da shi, ba kamar fenti da ke zaune a bisa ba. Kuma shi kaɗai ba ya hana tsatsa sosai. Amfaninsa shi ne yana riƙe mai. In man ya bushe, gumin hannu ɗaya ya isa ya bar shatin yatsa ja kafin gari ya waye.

Masu cewa a bar ta yadda take suna da hujja uku, amma ɗaya ce mai nauyi. Ta kuɗi ita aka fi ji. Littafin farashin bindigogi da aka fi dubawa a Amurka, Blue Book of Gun Values, yana auna daraja da kason asalin baƙin da ya rage: kashi 98, kashi 90, kashi 60. Bindigar da aka sake rinawa, a wannan ma'auni, ba ta da ko kashi ɗaya na asali, komai sheƙinta. Don haka mutum yana iya biyan maƙeri ɗaruruwan daloli don a rage wa kayansa daraja. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ta biyu ta tarihi ce. Launin jikin M1911 yana ba da labarin shekarar da aka yi ta. John Moses Browning ya zana ta, sojan Amurka suka karɓe ta a watan Maris na 1911, kuma na farkon da kamfanin Colt ya fitar daga Hartford suna da shuɗi mai sheƙi kamar madubi, har sojoji suka nemi a rage ƙyallin. A 1918, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya matsa ana gaggawa, aka rage goge ƙarfen, bindigogin suka fito da wani baƙi mai kaushi wanda ba ya daɗewa, masu tara kayan tarihi suna neman su yau saboda wannan kaushin. A 1941 Colt ya koma rufin fosfet, mai launin toka ko toka-toka da ratsin kore, wanda kamfanin Parker na Detroit ya yaɗa. A silaid na shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ma akan ga goshin ya fi sauran jiki duhu, domin wurin kaɗai aka ƙona don ya yi tauri, shi kuwa ƙarfe mai tauri daban yake karɓar launi. Mai ido yana karanta duk wannan cikin minti ɗaya. Sabon rini yana shafe shi.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi a wurina, kuma ba ta da ruwa da launi. Rini ba ya kama ƙarfe sai an cire tsohon, kuma ba ya rufe aibi, fito da shi yake yi. In tsatsa ta yi wa silaid zanzana, ramukan za su bayyana ƙarara a ƙarƙashin sabon baƙin. Hanya ɗaya ce ta kawar da rami: a cinye ƙarfen da ke kewaye da shi har a kai zurfinsa. A nan ake ɓarna. Maƙerin da ke sauri yakan ɗora silaid a kan injin goge mai faifan ƙyalle, shi kuwa faifan ba ya san kusurwa. Gefen da yake kaifi sai ya dulmuye, shimfiɗaɗɗen jiki ya yi tudu da kwari, bakin ramukan fil ya lotsa, haruffan sunan kamfani su yi wutsiya kamar an ja su da yatsa, dokin nan na tambarin Colt ya rasa ƙafa. Launi kam ana iya sake shi sau goma. Ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Akwai kuma haɗarin doka: a Amurka laifi ne babba mutum ya riƙe bindigar da aka shafe ko aka jirkita lambarta. A M1911 lambar tana jikin gangar bindigar, amma Glock da yawancin fistol na Turai suna da ita har a silaid, kuma injin goge ba ya tambayar wace lamba ce ta ado wace ce ta hukuma.

To, ɗaya ɓangaren fa? Su maganarsu a taƙaice take: bindiga kayan aiki ce, kuma tsatsa ba ta san tarihi ba. Singer 500 ne. Remington Rand, kamfanin tafireta, shi kaɗai ya yi sama da 850,000 a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, ga na Colt da Ithaca da Union Switch & Signal, jimilla ta kusa miliyan biyu. Bayan su ga miliyoyin fistol na kasuwa da ba wani gidan tarihi da zai taɓa nema. Mutumin da ke Florida ko Louisiana, inda iska ke ɗauke da laima da gishirin teku, yana sanye da bindigarsa a ƙugu tun safe har dare, gumi na sauka a kanta, kuben fata na tsotse danshi yana riƙe shi a jikin ƙarfen. In baƙin ya gama koɗewa, me za a ce masa? Ya bari ta ci gaba da rubewa don kada ran wani mai tara kaya ya ɓaci? Tsatsa in ta shiga tsagin da hannu ke kamawa, ko ƙarƙashin abin saiti, ko ramin farcen da ke jawo kwanso, maganar ta tashi daga ado ta koma aminci.

Suna ƙara da cewa rufin zamani ya fi na da nesa ba kusa ba, kuma a nan gaskiya suka faɗa. Cerakote, wanda kamfanin NIC Industries na jihar Oregon ke yi, haɗin roba ne da ƙurar tangaran. Ana wanke silaid daga duk wani maiƙo, a fesa masa yashin alminiyam don ya yi kaushin da rufin zai kama, a fesa rufin, a gasa a tanda wajen awa biyu a zafin digiri 120. Kaurinsa wajen maikiron 25 ne, ya ninka rini sau goma ko fiye, yana tare ruwa da gumi da kansa ba sai da mai ba. Yana kuma hawa kan ƙarfen da ba ya tsatsa da alminiyam, waɗanda rinin gargajiya ba ya kama su. Ga shi ba sai an cinye ƙarfe da yawa ba kafin a yi shi.

Hujjarsu mafi daɗi kuwa daga hannun sojan Amurka suka same ta. Rundunar ta riƙe M1911 har 1985, lokacin da Beretta M9 ta gaje ta, kuma daga 1945 har zuwa lokacin ba ta sayi sababbi ba. Me ya riƙe su shekara arba'in, har da Koriya da Biyetnam? Gyara. Ana kwashe su a kai taskokin makamai irin na Augusta da Rock Island da Anniston, a wargaza su, a zuba silaid wuri ɗaya, ganga wuri ɗaya, a fesa musu yashi, a sake rufin fosfet, a harhaɗa ba tare da duba wane silaid ne na wace ganga ba. Shi ya sa ake samun silaid na Ithaca a kan gangar Colt. Da majalisar Amurka ta yarda a sayar wa farar hula ragowar ta hannun hukumar CMP, aka fara da guda 8,000 a 2018, a kan dala 850 zuwa 1,050 gwargwadon lafiyarsu, kuma yawancinsu sun sha irin wannan gyara, wasu fiye da sau ɗaya. Mutane suka yi rububin su har sai da aka yi ƙuri'a. In sabunta jiki cin amanar tarihi ne, in ji masu gyara, to mai tarihin ne ya fara ci.

Wannan hujja tana da kaifi, amma a ganina ba ta yanka inda suke so ba. Abin da take nunawa shi ne ɓangarorin biyu ba a kan bindiga ɗaya suke magana ba. Soja ya sake rufin ne domin a lokacin bindigar kayan aiki ce, za a mayar da ita ƙugun wani. Yau ba wanda yake buƙatar fistol ɗin 1943 don tsaron kansa, alhali da kuɗin da bai kai nata ba zai sayi sabuwa wadda ta fi ta jure ruwa. Su kuma waɗanda suka tsallake taskokin nan da asalin baƙinsu, gyaran sojan ne ya sa suka yi ƙaranci har suka yi daraja. Duk wadda aka sake rinawa yau an rage adadinsu da ɗaya, kuma ba masana'antar da za ta ƙara. Saboda haka a kan tsohuwar bindiga mai asalin jiki, ko da rabinsa ya koɗe, ina tare da masu cewa a bari. A kan wadda soja ya riga ya gyara, ko wani maƙeri ya riga ya dulmuye, ko fistol ɗin kasuwa da ake ɗauka kullum, masu gyara sun fi gaskiya, don babu abin da ya rage da za a yi asara.

Amma ko a can ɗin akwai tambayar da ba a cika yi ba: shin gyaran ma ana buƙatarsa? Ɗauki Glock. Tun da sojan Ostiriya suka zaɓe ta a farkon shekarun 1980, silaid ɗinta ana ƙona shi ne a zafin da ya haura digiri 500, naitirojin ya ratsa fatar ƙarfen ya mayar da ita mai tsananin tauri da jure tsatsa. Shekaru da dama sunan Tenifer aka san wannan aiki da shi. Baƙin da ido ke gani wani siririn rufi ne dabam a sama. In kube ya goge shi har gefe ya yi fari, kariyar tana nan a cikin ƙarfen. Mai irin wannan bindiga da ya kai ta a fesa mata yashi a yi mata sabon launi, kwalliya ya saya. Ba laifi ba ne, kuɗinsa ne, amma kada ya ce don tsatsa ya yi. Haka M17 ta kamfanin SIG Sauer da sojan Amurka suka ɗauka a 2017: silaid ɗinta ƙarfe ne mai jure tsatsa, ruwan ƙasan da ke kansa rufi ne kawai. Da yawa daga cikin fistol ɗin da aka yi cikin shekara talatin da suka wuce a wannan sahu suke.

Shi ma sabon rufin yana da nasa halin. Cerakote a bisa yake zaune, don haka a kusurwoyin da kube ke gogewa zai koɗe, wani lokaci ya ɓantare in ba a wanke maiƙon da kyau ba kafin fesawa. In aka cika shi a layin da silaid ke zamewa, maikiron 25 na nan da na can sun isa su sa bindiga mai matsattsen haɗi ta riƙa sarƙewa. Kafin a gasa dole a cire abin saiti mai haske da dare da duk wata roba. Wanda kuma ya ce zai kai tsohon silaid a yi masa ƙunar naitirojin irin ta Glock, ya sani zafin nan yana iya sauya taurin ƙarfen da aka ƙera tun kafin a san wannan hanya. Sai kuma 'yar kwalbar rinin sanyi da ake sayarwa a shago, mai sinadarin seleniyam, wadda ake shafawa da auduga. Ta ƙaramin ƙarzane ce. Wanda ya shafe silaid gaba ɗaya da ita zai samu dabbare-dabbare mai warin ƙarfe da zai koɗe cikin 'yan watanni, ga shi guba ce. Tafasa kostik soda a gida kuwa, wanda ya san yadda take yi wa fata da ido ba sai an ja masa kunne ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gardamar nan shi ne yadda ɓangarorin biyu ke tsallake aikin da ya fi sauƙi. Mafi yawan silaid da aka kai wa maƙeri, ƙyalle da mai suka rasa tun farko. Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, a goge shatin hannu duk lokacin da aka taɓa, a bar ɗan siririn mai, kada a ajiye bindiga cikin kuben fata ko akwati mai soso, a sa abin tsotse laima a ma'ajiya. In jar tsatsa ta fara fitowa, a jiƙa wurin da mai ya kwana, a bi shi a hankali da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ko na tagulla. Jan zai tashi, baƙin zai zauna, ramin da ya riga ya faɗa zai tsaya inda yake. Gidajen tarihi ma ba mai suke dogara da shi ba, don yana bushewa yana kama ƙura. Kaki suke shafawa, irin Renaissance Wax da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950. Wannan hanya ba ta cire komai daga ƙarfen, kuma in an ga dama gobe a wanke ta.

Akwai masu tsayawa a tsakiya, su ce a gyara amma a mayar da ita yadda take ranar da aka yi ta. Kamfanin Doug Turnbull na jihar New York a kan wannan ya yi suna tun shekarun 1980. Da hannu ake goge jikin a kan shimfiɗaɗɗen katako, ana bin layin da masana'anta ta bi, a sake buga haruffan da suka dushe, a yi rinin gawayi irin na zamanin. Aikin yana da ban sha'awa, kuɗinsa kuma sau da yawa ya fi na bindigar. Ga wanda ya gaji ta kakansa bayan ta kwana cikin ambaliya, wannan ita ce mafita ta mutunci.

Sai dai kyawun irin wannan aiki shi ne ya buɗe ƙofar da ta fi damuna. Tunda asalin baƙi kuɗi ne, akwai masu sake rini, su ɗan goge kusurwoyi don ya yi kama da cin kube, su kai kasuwa a matsayin wadda ba a taɓa ba. Masu saye kan ɗauki gilashin ƙara girma su duba bakin haruffa, domin harafin da aka buga bayan an gama goge ƙarfe yana da ɗan tudu a gefensa, wanda aka goge bayan bugawa kuwa ya kwanta. Su duba cikin ramuka, in akwai baƙi a ƙasan ramin tsatsa, to rinin ya zo bayan tsatsar. Duk wannan binciken ƙwaƙwaf da ba a buƙace shi ba da masu gyara na yau sun yi abin da taskokin soja suka yi. Su in sun gama da bindiga sukan buga mata alamarsu a jikin ganga: AA ta Augusta, RIA ta Rock Island, ANAD ta Anniston, wani lokaci har da wata da shekara. Maƙerin da ya sabunta silaid yau yana iya buga tasa alamar a cikin silaid ɗin, inda ba za ta ɓata fuska ba, ya haɗa da takardar da ke faɗin me aka yi, da wane rufi, a wace shekara, ta riƙa bin bindigar duk hannun da ta shiga.